Biyar ɗin Kaka Ƙarami

Wanda Ya ba mu aro Ya aiko an karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, kuma can za mu tarar da juna.

Ƙanen kakana ya rasu a farkon kaka, gero ya sunkuyar da kai ana jiran girbi. Ya yi azahar a masallacin unguwa, ya dawo ya kishingiɗa a gindin dogon yaron tsakar gida, ya ce a rufe masa furarsa sai ya tashi. Tana nan a rufe da faifai har aka dawo daga maƙabarta.

Mu jikoki Kaka Ƙarami muke ce masa, don mu bambanta shi da wansa, Kaka Babba, wanda ya haifi mahaifina. Ya yi aure sau biyu, Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa ta ƙarshe kuma ta riga shi tun ina goye. Wanda ya bar 'ya'ya, fuskarsa takan ci gaba da yawo a gari bayan ya tafi. Shi kuwa in ba a faɗe shi ba, ruwan damina zai shafe shi kamar sawun tsuntsu a bakin gulbi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma abin da na gani da wanda aka gaya mini kawai za ni faɗi.

An yi jama'a, duk da yadda hanyoyinmu suka koma. Mutanen Isa sukan iso da hantsi, su juya tun rana tana sama. Dangin Alkalawa suka zo da damin gero. Wata tsohuwa daga wajen Tozai ta sa aka kawo ta a babur, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa tana hawaye ba sauti, kuma a cikin matan gidan ni kaɗai na gane ta. Kowa da abin da yake tunawa. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi. Maƙwabcinmu na gona ya ce bai taɓa ganin mai ja kunya ta miƙe kamar an ɗaura zare ba sai shi. Mata suka tuna yadda yake tsaya wa yara a rabon faɗa, ya sa kowa dariya har a manta da abin da ya haɗa su.

Abu ɗaya ne ba wanda ya ambata, shi ne abin da ya yi mafi yawan rayuwarsa yana yi. Wani dattijo ya fara cewa ai hannun marigayi a kan tebur, sai na kusa da shi ya yi gyaran murya, maganar ta mutu a nan. Kaka Babba ya riga ya ce ba ya son jin zancen a ƙofar gidansa.

Kaka Ƙarami ɗan wasan sinuka ne. Ba irin na samarin tasha masu kashe yini ba. Sana'arsa ce, ita ta ciyar da shi, ita ta kai shi gasa Maradi da Damagaram da Yamai da Kwatano, har Kaduna da Legas. Ga wanda bai taɓa gani ba, tebur ne mai koren ƙyalle da ramuka a gefe. Akan zunguri farar ƙwallo da doguwar sanda, ita kuma ta tura masu launi cikin rami, baƙar ƙwallo ce ta ƙarshe. Wanda ya jefa baƙa bayan ya gama da nasa, shi ya ci.

Da aka zo fitar da kayan ɗakinsa, ba su da yawa: riguna, buzu, buta, rediyo, sai sandarsa a cikin dogon kube na fata. Kaka Babba ya sa aka miƙo masa ita, ya jingine ta a lungun zaure bayan wurin zamansa.

"Wagga ba ta shiga gado," ya ce. "In an yi addu'ar bakwai, a sa ta murhu."

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ni ina bayan zana na ji, sai na ji kamar za a sake binne shi.

Asalin maganar, Iya ce ta ba ni, matar Kaka Babba, muna gyaran geron gumbar sadaka. Ta ce Kaka Ƙarami yana saurayi ya bi motar kaya zuwa Maradi, can ya ga tebur, tebur ya gan shi. Mutanen can ba sinuka suke ce wa wasan ba. Sun ɗauko sunan daga bakin Faransawa, suna ce masa biyar. Shekaru suka ja bai waiwayo gida ba, mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta rasa barci. Sai wani falke Bakano ya sauka a gidan, ta tambaye shi ko ya taɓa cin karo da autanta. Ya ce ai ɗanta ya riƙe biyar, duk Maradi ba mai kama ƙafarsa a biyar, har daga Damagaram ake zuwa kallonsa.

Mu nan biyat muke cewa, amma Tsohuwa ta san mutanen gabas biyar suke cewa. Kuma a duniyarta abu ɗaya ne ake riƙewa guda biyar. Ta yi hamdala, ta daka gumba ta raba, ta bi gidajen Sabon Birni tana faɗin cewa yaron da ake ce wa ba ya ji, ga shi salla ta kama shi har ya zama abin kallo. Iya tana ba ni labarin tana dariya tana share ido da bakin zane. Ta ce duk cikinsu ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa tun yaushe aka fara zuwa kallon mai salla.

Kaka Babba a lokacin matashin malami ne. Murna ta sa ya ɗauki hanya don ya ga ƙanensa, ya kuma gode wa malamin da ya shiryar da shi. Ya sauka tashar Maradi yana tambayar Bagobirin nan mai biyar, wani mai shayi ya yi masa jagora. Yana tsammanin ƙofar masallaci, sai ga shi a ɗaki mai hayaƙin taba. Ƙanensa yana kwance rabin jiki a kan tebur, ido ɗaya a rufe. A waje ana kiran la'asar, a ciki ba wanda ya motsa.

Bai yi masa faɗa a gaban mutane ba. Ya jira aka watse, ya ce ya bar wannan abu ya dawo gona. Ƙanen ya ce ba zai iya ba, a nan Allah Ya ajiye masa abincinsa.

"To," in ji wan. "Tsohuwa ta riga ta gaya ma mutane. Ko ka taho ka ƙaryata ta da bakinka, ko ka san yadda za ka yi da maganatta."

Ya juyo gida ko ruwan garin bai sha ba. Ga Tsohuwa ya ce ya same shi lafiya, kuma lallai biyar ta riƙe shi. Har ta koma ga Allah ba ta san akwai wata biyar ba.

Tun daga ranar ba su sake sa hannu a akushi ɗaya ba. Da Kaka Ƙarami ya dawo gida da furfura, wansa ya ba shi ɗaki, ya yanka masa gona. Suna gaisawa, suna duba juna in ciwo ya zo, suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa a masallaci. Amma akushi biyu ake fitarwa zaure, kuma tun ina ƙarama ni ke kai su, ɗaya dama ɗaya hagu. In aka yaba wa Kaka Babba yadda ƙanensa ke riƙe da salla, sai ya ce ai kowane ɗan duniya in gwiwa ta mutu masallaci yake nufa. A ganinsa tsufa ne ya yi abin da maganarsa ta kasa yi.

Ni ban san duk wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne ina da miji tsoho a gidanmu, kamar yadda kowace jika take da shi. Kaka Babba bai iya wannan wasa ba, yarinya kawai yake ce mini. Kaka Ƙarami kuwa tun ban iya ɗaura zane ba yake kirana uwargida. In na ce ba na son tsoho mai giɓi, sai ya dafe ƙirji ya ce sarakunan tebur na Legas sun durƙusa masa, ni ɗiyar jiya za ni ƙi shi? In na ce sai ya sake ni, ya ce takardar saki tana Kwatano, in na iya zuwa in ɗauko.

Mace ba ta zuwa rumfar sinuka, don haka ya kawo mini rumfar gida. A daɓen ɗakinsa yakan kwantar da ƙoƙuna a gefe su zama ramuka, ya zuba lemun tsami, ya sa farin gauta a tsakiya, ya ba ni karan dawa. Ranar da na fara tura lemu ya shige ƙoƙo, na yi tsalle. Shi ko bai ko murmusa ba, ya nuna mini gautan da ya gangara ƙarƙashin gado.

"Kowa na iya jefa ƙwallo rami, uwargida. Gwani shi na wanda yas san inda hwara za ta tsaya."

Ban gane ba a lokacin. Sai da na girma na ga cewa kowace magana da mutum ya furta tana tura wani abu rami, amma shi mai maganar, a ina ya bar kansa? Wata maganar tasa kuma ita ce mai fushi ba ya ganin rami. Ita yake gaya wa mahaifina in ya dawo kasuwa ransa a ɓace.

Ba ya taɓa abu sai ya kewaye shi. Tabarma, akushi, jakin da zai taya a kasuwa, sai ya zagaya, ya ɗan duƙa, ya rufe ido ɗaya. Mata suna dariya suna cewa tsoho yana neman ramin tuwo. Kowace Juma'a kuma, in an sakko masallaci, yakan fito da sandar daga kube. Gida biyu ce, da gaɓar tagulla a tsakiya. Sai ya murɗa ta ta haɗu, ya goge ta da tsumma mai laushi, ya shafa wa bakinta shuɗin alli, ya ɗaga ta ya dubi tsawonta kamar mai duban jinjirin wata. Daga nan ya warware ta ya mayar. Ba ya yarda ko gindinta ya taɓa damshi. Saboda allin nan, tsakanin babban yatsansa da manuni kullum shuɗi ne, har na daɗe ina zaton muna da dangantaka da marina.

Labaran gasa kuwa, bakinsa ba ya gajiya. Ya fi son na Legas, inda Yarbawa, abokan wasanmu, suka ga tsagen fuskarsa suka ce wace kyanwa ce ta yaƙushe shi. Ya ce su bari a gama, za su ga mai farce. Da ya cinye su, su ne suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi cin abinci mai barkonon da ya ce har yanzu yana jin sa. Ya ba ni labarin Damagaram, inda wuta ta ɗauke aka ƙarasa wasa da fitilun mota. Kofunan da ya ciwo ba su dame shi ba. Ɗaya Iya ke ajiye kanwa a ciki, ɗaya kaji ke shan ruwa. Ya ce kofin da ba a sha a ciki, mene ne amfaninsa?

Na taɓa tambayarsa ko gaskiya ne caca ce. Bai ɓata rai ba. Ya ce da ƙuruciya ya yi ta ajiye-in-ajiye, Allah Ya yafe masa, daga baya ya bari, sai gasa wadda masu shiryawa ke sa kyauta. Kaka Babba ya ce wannan canza wa tuwo suna ne. Ni ba malama ba ce, ba za ni raba musu wannan gardama ba.

Gari ɗaya ne ba ya ba da labarinsa. In na ce, Yamai fa? Sai ya ce, "Yamai rana ta yi mani sauri," ya kawo wani zancen.

Da ya dawo gida ya sayi tsohon tebur ya kafa a wata rumfa kusa da tasha, yana koya wa masu so. Shekarar da tashin hankalin daji ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari, damina ce, ƙasa duk ta jiƙe. Ya sallami 'yan wasa, ya buɗe rumfar ga waɗanda ba su da wurin kwana. Da hannunsa ya ɓanɓare koren ƙyallen ya ba wata mai jego ta rufa. Akwai tsohuwa marar lafiya wadda ba ta iya kwanciya a ƙasa, ya sa aka ɗora ta a kan tebur. Na raka shi kai musu koko da safe, na ji yana ce mata ta yi hankali wurin juyi, gadon nan ramukansa shida ne. Ta yi dariyar da jikokinta suka ce ba su ji ba tun da suka baro gida. Ita ce ta zo daga wajen Tozai ta zauna a ƙofar ɗakinsa. Teburin bai sake tashi ba. Ruwa ya kumbura shi, daga ƙarshe katakonsa ya dafa wa baƙin abinci.

Don haka sandar nan kaɗai ta rage.

Na roƙi mahaifina, ya ce ba ya ƙetare maganar mahaifinsa. Sai na yi ƙarfin hali na sami Kaka Babba shi kaɗai a zaure, na durƙusa, na gwada wasan da bai saba ba. Na ce ya ba ni gadon mijina. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya daɗe yana jan tasbaha.

"Yarinya, ba ƙinshi nika yi ba. Kaya nika son rage mishi."

Na tashi na fito. Da ƙiyayya ce, da na san yadda za ni yi kuka a kanta. Amma wannan ƙauna ce ta tsoho mai tsoron abin da ƙanensa zai tarar.

Ana gobe addu'ar bakwai, da hantsi, babur ya sauke wani dogon tsoho siriri da rawani irin na mutanen Nijar. Bai yi sallama irin ta masu ta'aziyya ba. Ya tsaya a gaban tabarmi ya ce ina Gobirawan gidan nan, ya ji an ce bawansa ya gudu bai yi masa bankwana ba. Mutane suka yi cirko-cirko, sai wani ya lura da tsagen kuncinsa. Bazabarme ne. Tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma wasan nan ko mutuwa ba ta hana shi. Aka saki fuska, aka ba shi wuri. Ya zauna ya yi addu'a doguwa. Ya ce tare suka yi zamanin tebur da marigayi, a Maradi yake zaune, jiya labari ya same shi.

Daga nan ya ce a kai shi ya yi wa uwargida gaisuwa. Aka ce ai matar marigayi ta daɗe da rasuwa. Ya ce a'a, ko watan jiya da suka yi waya ya ce uwargida ta hana shi goro. Mahaifina ne ya gane, ya aika aka kira ni. Na zo da mayafi na durƙusa a bakin zaure. Tsohon ya dube ni, ya ce lallai Bagobiri ya iya zaɓe, amma ni ce ban iya ba. Ya ce in na gama takaba ga shi nan, haƙoransa sun fi na wancan yawa. Na yi dariya, ita ce ta farko tun ranar rasuwa, hawaye na bin ta.

A nan idonsa ya faɗa kan kuben da ke bayan Kaka Babba. Ya ce a miƙo masa sandar can ya gaishe ta, don ta sha cin mutuncinsa. Mutane suka yi ta yi masa alama da ido. Kaka Babba ya ce ba a wannan zance a nan.

"Malam, Bagobiri ba ya hana Bazabarme magana ko a bakin kabari. Kai dai ka saurara, in na gama ka kore ni."

Ba wanda ya sallame ni, ni ma ban tashi ba.

Ya ce a Yamai ne, gasa mafi girma da suka taɓa shiga, 'yan wasa daga ƙasashe da dama, kuma wanda ya ci za a kai shi ƙasar Turawa. Aka yi ta zubar da mutane har ya rage su biyu, shi da marigayi. Aka fara bayan azahar, wannan ya ci wancan ya rama, har aka zo wasan raba gardama. Kowa ya gama da ƙwallayensa, saura baƙa, ita kuma ta maƙale a jikin bango. Ba mai son ya buɗe wa ɗan'uwansa ita, sai ɓoyo ake yi, ana jan rai, lokaci yana tafiya. Da layi ya zo kan Kaka Ƙarami, ya kewaye tebur kamar yadda ya saba. Amma maimakon ya duƙa, sai ya ɗaga kai ya dubi taga. Hasken da ke shigowa ya yi rawaya kamar man shanu, la'asar tana shirin fita. Ya roƙi alƙalin wasa ya ba shi ɗan lokaci. Alƙali ya ce doka ita ce wanda ya bar tebur ya bar wasa. Jama'a suka yi ta ce masa ya haƙura, ai Allah Yana karɓar ramuwa.

Ya ce sai ya ga mutumin ya warware sandarsa gida biyu, ya sa a kube, ya faɗi wata magana shi kaɗai, ya fita. A kan tsakuwar ƙofa ya yi sallarsa.

"Ni ko na ɗauki kofina na shiga jirgi," in ji Bazabarmen. "Ban ji kunya ba. Kuma baƙar nan ko ya tsaya ba ya jefa ta. Shekara da shekaru muna wannan gardama, yanzu ya gudu ya bar mini gaskiyata."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce kuma ba ranar ce farau ba. Tun da ya san shi, a Kwatano, a Legas, ko'ina, buta da sanda jaka ɗaya suke tafiya, har 'yan wasa suka sa masa suna Mai Biyar Biyu.

Kaka Babba bai ɗago ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko a lokacin ƙanensa ya fara furfura. Baƙon ya ce ina, kansa baƙi ƙirin, ƙarfinsa yana tashe, ba a taɓa ganin hannunsa ya yi kyau kamar shekarar ba.

"Abin da ya kawo ni ma ke nan, bayan gaisuwa," ya ce. "Maganar da ya faɗi yana fita. Cewa ya yi, Tsohuwa ta riga ta gaya ma mutane. Na tambaye shi har na gaji, dariya kawai yake yi. Wace tsohuwa ce, Malam? Me ta gaya wa mutane?"

Tasbahar hannun Kaka Babba ta tsaya.  Na dubi fuskarsa na ga abin da ban taɓa gani ba, kamar bangon ƙasa da ruwa ya fara ratsawa daga ciki.

"Uwammu ta," ya ce. Baƙon bai sake tambaya ba.

Can ya waiwayo ya ce in kawo abinci. Na tashi, sai ya ƙara da cewa akushi ɗaya. Na kawo, ya jawo shi tsakaninsa da Bazabarmen, suka wanke hannu. Baƙon yana ci yana cewa tuwon Gobirawa ba ya da gishiri kamar zancensu. Kaka Babba yana kai loma a hankali. Na san ba da wannan mutumin yake cin tuwon ba.

Washegari aka yi addu'a, aka hura wuta aka dafa abincin sadaka. Sandar ba ta fito ba, ba kuma wanda ya tuna masa. Bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba, bai taɓa cewa wasan ya halatta ba, har yau. Bayan jama'a sun ɗauke ƙafa, wata la'asar ya kira ni, ya miƙo mini kuben ya ce in haɗa masa ita, tunda ni na san yadda ake yi. Ya ce sandarsa ta dogarawa ta tsage. Na dubi tsohuwar sandar a jingine, lafiyarta ƙalau. Na murɗa gaɓar tagulla ta haɗu. Ya karɓa, ya kafa gindin a ƙasa, bakin yana sama daidai ƙirjinsa, ya nufi masallaci.

Da Kaka Ƙarami zai ga gindin sandarsa a cikin turɓaya da taɓon kwata, da ya dafe ƙirji ya kira sarakunan Legas su zo su gani. Amma sau biyar take zuwa masallaci a yini, ba ta fashi.

Allin yana cikin aljihun kube, na ɗauke shi. Kowace safiya, kafin in fita, nakan shafa wa bakin sandar kaɗan ba tare da na gaya wa kowa ba. A bangon masallaci ta waje, inda yake jingine ta, wani ɗan shuɗin tabo ya fito, ina ganinsa in na wuce. Na zaci bai lura ba, don idonsa ya yi rauni. Wata rana na makara, na fito da sauri ban taɓa ta ba. Sai na same shi tsaye a bakin zaure, ya miƙo mini bakin sandar.

"Uwargida," ya ce, "kin manta da aikinki."

Allah Ya jiƙan Kaka Ƙarami, Ya yafe masa ƙuruciyarsa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba wansa haƙuri da mu duka. Ya jefa ƙwallaye da yawa a garuruwan da ban taɓa gani ba, amma yanzu na san inda ya bar fara. Allah Ya sa biyar ɗin da Tsohuwa ta bi gida gida tana faɗi, ita ce ta tarbe shi.